Kama da Wane Ba Ta Wane: Hattara da Kayan Gyaran Bindiga

An gama girbi. Hatsi ya shiga rumbu. A ƙasar Madarunfa, yanzu ne ake sauko da bindigogi daga inda aka rataye su tun farkon damina. Mahalbi yana shirin shiga daji. Makiyayi yana shirin gadin garke. Ƴan bindigar sarakuna suna jiran ranar hawa.

Bindigar da ta yi watanni a rataye ba ta rasa abin gyara. Wata ta yi tsatsa. Wata ƙotarta ta tsage. Wata kunamarta ta saki. Sai mai ita ya nufi kasuwa, ko Maradi, ko Ɗan Isa, ko ya ƙetara Jibiya, ya nemi abin da ya lalace. Mai sayarwa ya miƙo masa wani ƙarfe mai ƙyalli, ya ce duk ɗaya ne da na asali, ga shi kuma da araha.

Nan haɗari yake. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Ƙarfen da ya yi kama da na bindiga, amma ba a san wanda ya ƙera shi ba, kuma bai zauna daidai ba, yana iya cin yatsu ko ido ko ran mai bindigar.

Bindiga iri biyu

Bindigogin da ke hannun mutanen karkara iri biyu ne.

Ta farko ita ce bindigar toka, wadda ake yi wa laƙabi da halba-ka-ruga. Ta baki ake ɗura ta. Maƙeran gida ke yin ta. Kowace da nata awo, don kowane maƙeri da nasa hannu. Ba a samun biyu da suka zo daidai wa daida.

Ta biyu ita ce mai karyewa, wadda ake sa wa harsashi ta baya. Wasu daga Turai suka zo. Wata masana'anta mai suna Manufrance, a garin Santetiyen na Faransa, ta fito da bindiga mai baki ɗaya da ake kira Simplex a 1908, da mai baki biyu da ake kira Robust a 1913. Sun bazu ƙwarai a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Tsohuwar masana'antar ta rufe a shekarun 1980, shi ya sa kayan gyaranta na asali suka yi wuya. Akwai kuma Baikal, ta ƙasar Rasha. Banda waɗannan, akwai masu karyewa da ake kwaikwayo a maƙera.

Tun wajen 2019, ɓarayin shanu da masu sace mutane don kuɗin fansa sun addabi ƙauyukan bakin iyaka, a Madarunfa da Gidan Runji. Masu neman bindiga suka yawaita. In masu saye suka yi yawa, ƴan ga-aiki su ma sukan yawaita. Wanda jiya yake waldar ƙofa, yau sai ya ce shi gwanin bindiga ne.

Abin ba na yau ba ne

Shekaru ɗari biyu da suka wuce, fataken Turai suna kawo bindigogi masu araha bakin tekun Afirka ta Yamma. Yawanci a Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljik ake yin su. Da yawa an yi su ne da ƙarfe maras kyau, don ba Turawa za su halba su ba. Sun fashe a hannun mutane ba adadi. A 1890, ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burusel, suka hana sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani, sai masu ƙanƙara da albarushi. Irin waɗannan tsofaffin bindigogi ne maƙera suka koyi gyarawa, daga baya suka koyi yi.

Su Turawa sun san wannan haɗari a gidajensu. Don haka suka kafa gidajen gwaji na hukuma. Liyej ta tilasta gwajin bindiga tun 1672. Santetiyen ta sami nata gidan a 1782, Bamingam kuma a 1813. A gidan gwaji, ana kulle bindiga a ɗaki mai kauri, ba kowa kusa. A halba ta da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi da wajen kashi 25 bisa 100. A fito da ita, a auna, a duba. In ba ta tsage ba, ba ta kumbura ba, sai a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. Tsohon hatimin Liyej haruffa uku ne, ELG, cikin da'ira mai siffar ƙwai. A Ingila, in aka sake wa bindiga bututu, sai ta koma gidan gwaji kafin a sayar da ita.

Bindigar kasuwar ƙauye ba ta bi ta wannan gida ba. Kayan gyaran da ke shimfiɗe a tabarma ma haka. Ke nan wurin gwajinsu na farko shi ne kafaɗar mai saye.

Bututu

Bututu shi ne ran bindiga. Lokacin da aka halba, wuta tana tura bangonsa da ƙarfin da ido ba ya gani. Akwai awon da ake ce wa bar, wanda masu faci ke auna iskar taya da shi. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar wajen bar 2. Harsashi lamba 12 na kullum, an yarda ƙarfinsa ya kai bar 740. Wato ya ninka iskar taya fiye da sau 300, kuma cikin ƙiftawar ido.

Mugun maƙeri yakan yi bututu da bututun ruwa. An yi bututun ruwa ne don ruwan famfo. Naɗe farantin ƙarfe ake yi, a haɗa bakinsa da walda, shi ya sa yake da ɗinki daga sama har ƙasa. Wannan ɗinki shi ne wurin rauni. Yana iya jure halbi goma, ya jure ashirin, ran nan ya buɗe. Kuma daidai inda hannun hagu yake riƙe ne yakan buɗe.

Bututun da aka yi wa walda don toshe tsaga ya mutu. Zafin walda yana sake halin ƙarfen da ke kewaye da wurin, ya mai da shi mai gautsi. Bututun da ya lanƙwashe aka miƙe shi a wuta, shi ma haka. Wanda tsatsa ta ci ta ciki har ya yi ramuka, kaurinsa ya ragu ko da waje yana ƙyalli. Wanda ya kumbura a wani wuri, ya riga ya ba da sanarwa.

A bindigar toka, akwai toshiyar da ke rufe gindin bututu. Ita ce ke tsakanin wuta da fuskar mai halbi. In aka ɗauko toshiyar wata bindiga aka cusa wa wata, zaren murɗinsu ba zai kama juna sosai ba. Wasu ƙusoshin murɗi da awon milimita aka yanka su, irin na Faransa. Wasu da awon inci, irin na tsofaffin kayan Ingila. A ido kamar ɗaya suke. A murɗa, su shiga zagaye biyu ko uku, su cije. Mai gaggawa ya ƙara ƙarfi, zaren ya cinye. Toshiyar da aka sa ta haka, ranar da ta fita, baya take yi, wajen ido.

Kunama da abokan aikinta

Cikin bindiga akwai ƙananan ƙarafa da ke aiki tare. Akwai guduma da ake ɗanawa. Akwai haƙorin da ke riƙe da ita. Akwai kunama da ke sakin haƙorin. Akwai ƙarfe mai tankwarewa ya dawo, wanda makanikai ke kira sifirin. A mai karyewa, akwai ƴar ƙusa da ke sarar gindin harsashi. Kowane an gyara shi ne don ya dace da ɗan'uwansa, kamar ƙota da ruwan gatari.

In haƙorin na ƙarfe mai laushi ne, yana cinyewa da sauri. Daga nan guduma ba ta riƙuwa sosai. Bindiga ta faɗi, ko ta bugi sirdin babur, ko reshe ya taɓa ta, sai ta tashi da kanta. Wanda ke gaba ko baya shi ke kwana ciki. Sau da yawa ɗa ne ko ƙane ko abokin tafiya.

In sifirin ya yi tauri fiye da kima, yana karyewa. In ya yi laushi, duka ba ya ƙarfi, harsashi ya ƙi tashi.

In ƙusar ta yi tsawo, tana huda gindin harsashi, wuta ta dawo baya. Tana iya kuma tsayawa a waje, harsashi ya tashi tun ana rufe bindiga. In ta yi gajarta, sai ta taɓa kawai, harsashi ya yi shiru. Bambancin da ke tsakanin daidai da ba daidai ba, bai kai kaurin farce ba.

Harsashin da ya yi shiru ba a yarda da shi. Wani yakan tashi bayan ɗan jinkiri. Mai bindiga ya ci gaba da riƙe bakinta wajen da ba kowa, ya ƙirga har sittin, sannan ya buɗe. Ba a leƙa bakin bindigar da ta ƙi tashi. Ba a busa ta.

A mai karyewa, mahaɗar bututu da jiki ita ma abin dubawa ce. In aka rufe bindiga, aka girgiza, aka ji tana ƙwal-ƙwal, ko ana hango haske tsakanin gindin bututu da jiki, ta saki. Bututun Baikal ba ya hawa jikin Simplex. Ko bindigogi biyu na masana'anta ɗaya, ba lalle bututun wannan ya zauna a waccan ba sai gwani ya daidaita. Cusa gwangwani ko ɗaure waya ba gyara ba ne.

Harsashi da albarushi

Harsashi ma yana da awo. Akwai lamba 12, da lamba 16, da lamba 20. A nan, ƙaramar lamba ita ce babba. Faɗin ramin lamba 12 wajen milimita 18 da rabi ne. Na lamba 16 ya kusa milimita 17. Na lamba 20 bai kai 16 ba.

Ga wani tarko da ya fasa bindigogi da yawa a duniya. Harsashi lamba 20, in aka sa shi a bindiga lamba 12, zurmawa yake yi ciki ya maƙale a gaba. Mai bindiga ya duba, ya ga kamar ba komi. Ya ƙara lamba 12 a baya, ya halba. Hanya a toshe take, sai bututu ya tarwatse. Don haka ba a haɗa harsasai masu lamba daban-daban a aljihu ɗaya.

Bayan faɗi, akwai tsawo. Mazaunin harsashi a cikin bututu yana zuwa milimita 65, ko 70, ko 76. Ana buga wannan lamba a jikin bututun masana'anta, kuma ana rubuta ta a kwalin harsashi. Tsawon da aka rubuta, na kwanson da ya riga ya buɗe ne bayan halbi. Shi ya sa harsashi mai 76 yake shiga mazaunin 70 lafiya lau, har mutum ya ce ya dace. Amma in aka halba, bakin kwanso ba ya samun wurin buɗewa, ƙarfin wuta ya ƙaru. Tsofaffin bindigogi da yawa masu 65 ne. Gajeren harsashi yana shiga dogon mazauni ba laifi. Dogo ba ya shiga gajere. Wanda ya koyi karatun lambobi a makarantar yaƙi da jahilci, ga ranar amfaninsa. Wanda bai iya ba tukuna, ya kira ɗansa ɗan lakwal ya karanta masa.

Babban kuskure kuma shi ne farke harsashin zamani a juye garinsa cikin bindigar toka. Garin harsashin zamani ba baƙin albarushi ba ne. Ƙarfinsa ya fi nesa ba kusa ba. Ko bindigar toka ta masana'antar Turai ba ta jure shi, balle ta maƙera. Haka nan ɗuri biyu a kan juna. Mutum ya ɗura da dare, ya manta, da safe ya ƙara. Mai hankali yakan yi alama a sandar ɗuri lokacin da bindiga take wofi, don ya riƙa gane ko akwai abu a ciki.

Toshewar baki ita ma tana fasa bututu mai kyau. Laka tana shiga in aka dogara bindiga a fadama ko bakin tabkin Madarunfa. Zanzaro yakan gina ɗakinsa a bakin bindigar da ta daɗe a rataye. Tsumman da aka cusa don ƙura, akan manta da shi. Kafin halbin farko na rani, a tabbata ba ɗuri, sannan a zura sanda har ƙasa.

Maƙeri da maƙeri

Ba duka maƙera ne ɗaya ba. Ƙira sana'a ce mai asali a ƙasar Hausa. Garma da hauya da lauje da gatari duk daga maƙera suke. Maƙerin da ya gaji sana'a yana zaune a garinsa. An san gidansa, an san ubansa. In aikinsa ya cuci wani, sunansa ne ya ɓaci har jikoki. Irin wannan maƙeri yana iya duba bindiga ya ce ba ta gyaruwa, ya ƙi karɓar kuɗi. Wannan ƙi alheri ne.

Ɗan ga-aiki kuwa ba ya cewa a'a. Yana shafa baƙin fenti ya rufe walda. Yana goge ƙota ta yi sheƙi. Har hatimin ƙarya ana bugawa, don a ce kayan Turai ne. Yau yana wannan kasuwa, mako mai zuwa yana wata. Ranar da abin ya fashe, ba a san inda za a same shi ba.

Wasu masu sayarwa sukan ɗaure bindiga a itace, su ja kunama da igiya, su ce ga shi ta ci gwaji. Wannan bai isa shaida ba. Ya nuna ba ta fashe yau ba, shi ke nan. In ma an cika mata ɗuri don burgewa, mai yiwuwa wannan halbin ne ya fara tsagar da ba a gani.

Araha ba ta ado. Abin da aka rage a kasuwa, ninkinsa ake biya a likita. Manomin da ya rasa yatsu uku ba ya riƙe hauya kamar da. Makiyayin da ya rasa ido ba ya hango ɓatacciyar saniya. Asarar ba tasa kaɗai ba ce, ta gidan duka ce.

Abin kiyayewa

1. Kada a sayi bututu, ko toshiya, ko kayan kunama a hannun wanda ba a san mazauninsa ba.

2. A kai bindigar duka wurin mai gyara. Ba a sayen ƙarfe da ƙiyasin ido a zo gida a gwada.

3. Abin da bai shiga ba sai da duka, ko sai da cusa gwangwani, ba nata ba ne.

4. Bututu mai tsaga, ko kumburi, ko walda, ko ramukan tsatsa, an gama da shi. Ba a sayar wa wani, ba a ba yaro.

5. A karanta lambar bututu da lambar harsashi, faɗi da tsawo, su zo ɗaya.

6. Garin harsashin zamani ba ya shiga bindigar toka, ko kaɗan.

7. Bindigar da ta taɓa tashi da kanta, a ajiye ta. Za ta sake.

8. Ba a rataye bindiga da ɗuri. Albarushi da harsashi a ajiye su daban, nesa da murhu, nesa da yara.

9. A wurin hawan salla ko biki, ƴan bindiga su ba jama'a tazara. In bututu ya fashe, ɓarɓashinsa ba ya zaɓen mai shi.

In abin ya auku

In bindiga ta fashe a hannun mutum, a sami tsumma mai tsabta a danne wurin da jini ke zuba, a ɗaga hannun sama. In tsumman ya jiƙe, a ɗora wani a kai, kada a cire na farko. Ba a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai a ciwo. Ƙarfen da ya shige nama ba a zare shi a gida. In ido ne, ba a murzawa, ba a ɗigawa komi. A rufe shi da abin da ba zai danna shi ba.

A gaggauta kai shi likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura shi Madarunfa ko babbar asibitin Maradi. A nemi allurar rigakafin ciwon nan mai sandarar da jiki yana ɗaure muƙamuƙi, wanda likitoci ke kira tetanos. Wasu sukan ɓoye mai rauni a ɗaki don tsoron tambayar jandarma. Kwana biyu na ɓoyo yana sa hannun da za a iya ceto ya ruɓe. Amsa tambaya ta fi yanke hannu sauƙi.

Abin da doka ta ce

A Nijar, ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma. Farauta ma tana da dokarta, wato doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998. Ita ta tsara takardar farauta, da lokacinta, da namun da aka hana taɓawa. Dajin Baban Rafi gandun hukuma ne, akwai ma'aikatan da ke kula da shi. Tun 1994 kuma akwai hukumar ƙasa mai tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba.

Wanda ke da bindiga ba takarda, ko yana da matacciyar bindiga da yake son rabuwa da ita, ya fara da mai gari. Mai gari ya san hanyar ofishin perefe da ta jandarma. Maganar ɓarayi da masu sace mutane kuwa, a kai ta wurin jami'an tsaro da wuri. Bindigar da aka harhaɗa da kayan tabarma ba ta tsare gida. Ranar da ake buƙatarta, ko ta ƙi tashi, ko ta tashi ta baya.

In bindiga ta fashe, akan ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Amma tsaga ana ganinta. Lamba ana karanta ta. Mai gyara ana zaɓensa. Mai bindiga ya duba waɗannan tun tana rataye, kafin ya ɗora ta a kafaɗa.